Ƙaramar kwaleji ko babbar jami'a: ina ya fi dacewa da mai son binciken bayoloji a Amurka?

Yayan_Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ƙanwata ta gama sakandare, sakamakonta na WAEC ya yi kyau ƙwarai, musamman bayoloji da kimistiri. A gida an so ta yi likitanci, ita kuma ta kafe a kan bincike, irin na ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne dalilin da ke sa maganin zazzaɓin cizon sauro ya daina aiki bayan wasu shekaru. Tana zuwa cibiyar EducationUSA ta Abuja, a can aka ba ta shawarar ta sa ƙananan kwalejojin nan na digirin farko da ake kira liberal arts, masu koyar da fannoni daban-daban, a jerin makarantun da za ta nema: Grinnell, Carleton, Wooster, Reed, Amherst. Ni ko sunan ɗaya ban taɓa ji ba. Da na duba, sai na ga yawancinsu ɗalibansu ba su wuce dubu biyu ba. Tsangaya ɗaya a jami'o'inmu ta fi su yawan mutane. To makarantar da ba ta da masu digiri na biyu, ba ta da masu digirin digirgir, wane bincike ake yi a cikinta? Kar mu je mu kai yarinya babbar sakandare da sunan jami'a.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ɗana, yarinyar da ta ci bayoloji da kimistiri haka, me ya hana ta MBBS? Bincike ai ba ya guduwa, in ta zama likita ta yi shi. Makarantar da in ka faɗi sunanta sai an ce maka "ina?" ban ga amfaninta ba.

Maryam_RNA:
Wa alaikumus salam Yayan Ummi. A irin wannan kwalejin na yi digirina na farko, yanzu ina digirin digirgir a wata babbar jami'a, saboda haka na ga ɓangarorin biyu. Abin da kake gani a matsayin naƙasu, wato rashin manyan ɗalibai, shi ne dalilin da ya sa aka ba ta shawarar. Malaman nan farfesoshi ne masu digirin digirgir, ana buƙatar su wallafa bincike kafin a tabbatar da su a aiki, kuma ba su da wasu hannaye sai na 'yan digirin farko. Dole su koya maka, don in ba ka iya ba aikinsu ne ya tsaya.

Ni da ƙudan 'ya'yan itace na fara, ƙananan nan masu jajayen idanu da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Aikina na farko dafa musu abinci ne da garin masara da yis, in zuba a kwalabe. Daga nan aka koya mini ware matan da ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, don sai da su ake haɗa jinsin da ake so. Za ka sumar da su da iskar kabon, ka baza su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kana juya su da ɗan burushin fenti kana duba ƙarshen cikinsu. Kuma suna da lokaci: macen da ta fito daga kwasfarta, in ta wuce kamar awa takwas tare da maza, ta tashi daga aiki. Don haka ina idar da sallar asuba zan sa rigar sanyi in tafi, in dawo da la'asar in sake. Farfesar da kanta ta zauna kusa da ni har hannuna ya faɗa. A inda nake yanzu, ɗan digirin farko kan yi wata bai yi magana da shugaban ɗakin gwajin ba. Mu ne muke riƙe da su.

MalamLakcara:
Malama Maryam ta faɗi gaskiya, amma rabinta. Ni a babbar jami'a na yi nawa digirin digirgir ɗin, kuma na riƙe 'yan digirin farko a ƙarƙashina. E, ba sa ganin farfesa kullum. Amma suna ganin abin da ƙaramar kwaleji ba za ta taɓa nuna musu ba: ɗakin gwaji mai mutum ashirin, na'urori na miliyoyin daloli, baƙon masani duk mako yana gabatar da aikin da ko wallafa shi ba a yi ba.

Kuma ku lura da abin da yarinyar ta ce tana so. Zazzaɓin cizon sauro. Mai wannan binciken yana buƙatar rainon ƙwayar cutar a cikin jinin mutum, ga ɗakin kiwon sauro, ga ƙa'idojin tsaro. Irin aikin da ya kai ga gano, a 2014, cewa sauyi a ƙwayar gadon da ake kira kelch13 ne alamar bijirewa atemisinin, maganin zazzaɓin, ba aikin malami ɗaya da ɗalibai huɗu ba ne. Wuraren irin wannan su ne Johns Hopkins, mai cibiya sukutum ta zazzaɓin tun 2001, ko Notre Dame. Sashen bayoloji na ƙaramar kwaleji malamansa goma ne zuwa sha biyar. Ɗaya na tsirrai, ɗaya na tsuntsaye, ɗaya na ƙwaƙwalwa, haka. Sa'a ce ta sa ta samu mai aikin da take so.

Maryam_RNA:
Ranka ya daɗe ban musa ba. Sai dai yarinya mai shekara sha bakwai ba maudu'i take buƙata yanzu ba, hannu take buƙata da kai. Ta iya PCR, wato dabarar ninka ƙwayar gado a ɗakin gwaji, ta iya lissafin sakamako da manhajar R, ta iya karanta takardar bincike ta gane inda marubutan suka yi ƙarin gishiri, ta iya rubuta nata. Wanda ya koyi wannan a kan ƙuda ko yis zai kai shi kan kowace ƙwayar cuta. Kuma abin da ake dubawa a neman digirin digirgir shi ne wasiƙar malamin da ya san ka. Wasiƙar wanda ya yi shekara uku yana ganin littafin gwajinka daban take da ta wanda ya san ka a aji mai mutum ɗari huɗu.

Abba_Kimiyya:
Don Baban Sadiq da ya ce ba a san su ba: Jennifer Doudna, wadda ta samu kyautar Nobel a 2020 kan fasahar CRISPR ta gyaran ƙwayoyin gado, a Pomona ta yi digirin farko, ta gama a 1985. Thomas Cech, Nobel na 1989 kan gano cewa sinadarin gado na RNA na iya aiki irin na inzayim, wato hanzarta haɗuwar sinadarai a jiki, ɗan Grinnell ne. David Baltimore da Howard Temin, da suka samu a 1975, dukansu Swarthmore suka yi. Harold Varmus, shi ma mai Nobel, Amherst ya yi, kuma adabin Turanci ya karanta a can kafin ya koma likitanci.

Injiniya_Sule:
Abba, wannan hujjar ba ta da ƙarfi. Ka ɗauko mutum biyar cikin shekara sittin. In na fara lissafo maka na manyan jami'o'i sai gari ya waye. Kuma duk 'yan ƙasa ne, babu wanda ya yi layin biza a cikinsu.

Abba_Kimiyya:
Injiniya, na yarda sunaye ba hujja ba ne. To ga wadda ta fi: hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, tana bibiyar inda masu digirin digirgir suka yi digirin farko. In aka auna da yawan ɗaliban kowace makaranta, sunayen da ke fitowa a sahun gaba a fannin kimiyya, bayan Caltech, sun haɗa da Harvey Mudd, Swarthmore, Reed, Carleton da Grinnell.

Injiniya_Sule:
Wannan ta fi. Amma ko ita, ka tambayi kanka: makarantar ce ta mayar da su haka, ko dama yaran da ke son irin wannan rayuwar ne ke zaɓarta tun farko?

Gwanin_Lissafi:
Kuna ta gardamar ɗakin gwaji, ba a nan gizo ke saƙar ba. Yayan Ummi, nawa gida zai iya biya a shekara? Don manyan kwalejojin nan, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya ya haura dala dubu tamanin a shekara, wasu sun taɓa casa'in. Ka buga da canjin yau ka gani.

Abin da ya sa duk da haka ake tura yaranmu can shi ne wasunsu na da dukiyar wakafi mai yawa, kuma in sun ɗauke ka sukan cike duk abin da suka ga gidanku ba zai iya ba. Amma akwai bambanci babba. 'Yan ƙalilan ne ke duba takardar ɗalibin waje ba tare da kallon aljihunsa ba. Cikin ƙanana, Amherst na haka, Bowdoin ma ta shiga sahu a 2022. Sauran kusan duka, in kana neman cikakken tallafi, kana gasa ne da dubban yara daga Indiya da Biyetnam da Kenya da Ghana a kan guraben da ba su da yawa. Yarinya na iya cancanta ɗari bisa ɗari a ƙi ta saboda kuɗi kawai.

Sai a kula da wannan, don yana cin mutane: a yawancinsu, in ɗalibin waje bai nemi tallafi ba lokacin neman shiga, ba zai iya dawowa ya nema a shekara ta biyu ba. Kar wani ya ce muku ku ɓoye buƙata don a ɗauke ta, daga baya a san yadda za a yi. Ku cike CSS Profile, fom ɗin neman tallafi da ake bayyana ƙarfin gida a ciki, da gaskiya.

Yayan_Ummi:
Malam Gwani, gaskiyar magana abin da za mu iya bai wuce kuɗin jirgi da ɗan na kashewa ba. Mahaifinmu ɗan fansho ne.

Gwanin_Lissafi:
To ku faɗaɗa jerin, kar ku tsaya a biyar. Ku duba Berea a jihar Kentucky, ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga kowa, kowane ɗalibi na yin aikin makaranta aƙalla awa goma a mako. Sai dai 'yan waje kaɗan take ɗauka a shekara, gasar ba wasa. Kuma ko an ce "cikakken tallafi", ku karanta takardar layi-layi. Inshorar lafiya na ciki? Akwai bashi a ciki? An ƙiyasta za ta kawo wani abu daga aikin hutu? Ga kuɗin SEVIS, rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, na biza dala 185. Ga wani da ba a faɗa wa mutane: ɓangaren tallafin da ya shafi ɗaki da abinci, ana cire masa harajin kashi 14 cikin ɗari ga ɗaliban waje, kuma Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka da za ta ɗauke mata. Wasu makarantu na biya wa ɗalibi, wasu sai dai ta ga lissafi a asusunta. Ku tambaya.

Baban_Sadiq:
Duk na ji. Ni abin da ke damuna daban ne. 'Ya mace, ƙarama, a ƙauyen da ba dangin iya ba na baba. Wa zai tsawata mata? Ina masallaci? Me za ta ci?

Anti_Bilki_MN:
Baba, tambayarka tana kan hanya, ba na cikin masu cewa tsohon yayi ne. Ina zaune a Minnesota, kuma ina karɓar yaranmu a gida lokacin hutu. Garuruwan sun bambanta sosai. Grinnell gari ne na mutum kamar dubu tara a tsakiyar gonakin masarar Iowa, in kana son birni sai ka yi tafiyar kusan awa ɗaya. Carleton tana Northfield, ƙasa da awa ɗaya daga Minneapolis, inda Somaliyawa ke da yawa, masallatai da naman halal ba matsala. Macalester kuwa a cikin birnin St. Paul take. Reed a cikin Portland.

Yawancin kwalejojin nan suna da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ɗakin sallah, wasu har da limami ko mai ba da shawara na addini. Amma wata ƙungiyar mutum sittin ce, wata mutum shida. Ta rubuta musu kai tsaye ta tambayi yadda suke yi da sahur da buɗa baki, don a nan za ta gane ko ɗakin cin abinci ya san da zamansu.

In hankalinku zai fi kwanciya, akwai na mata zalla, kuma ba baya ba ne a kimiyya: Smith, Mount Holyoke, Wellesley, Bryn Mawr, Barnard. Sai dai kar ku ɗauka irin makarantar kwana ta 'yan mata ce ta gida mai maigadi da matiron. Babu mai kulle ƙofa. Tarbiyyar da ta tafi da ita ce za ta riƙe ta.

Sanyi kuma, Allah ya sawwaƙe. A watan Janairu a nan yakan sauka ƙasa da sifili da digiri ashirin, ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi. Kaɗaici a wannan lokacin ya fi karatun wahalar da yaranmu.

DanZongo_Kumasi:
Anti kin tuna mini. Kofi Annan ai Macalester ya yi, ya gama a 1961. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya ƙi sa abin rufe kunne don yana ganin muni gare shi, sai da kunnuwansa suka kusa daskarewa ya je ya sayo. Kuma Patrick Awuah da ya kafa jami'ar Ashesi a nan Ghana a 2002, ɗan Swarthmore ne, tsarin can ya ɗauko. Don haka a wajenmu sunayen nan ba baƙi ba ne sosai.

Hauwa_Nas:
Ni tambayata, in ta je ta canza ra'ayi ta ce likitancin take so fa? Ba sai ta wuce kawai ba?

MalamLakcara:
A'a Malama Hauwa, kuma gara da kika tambaya. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai ka gama digirin farko na shekara huɗu, sannan ka nemi makarantar likitanci, wata shekara huɗun. Da yawansu ba sa ɗaukar ɗan waje sam, masu ɗauka kuma sukan ce ka nuna kuɗin tun farko, tallafi kuwa ƙalilan ne. In akwai ɗigon son likitanci a zuciyarta, MBBS a gida ya fi mata hanya, a nan ina tare da Baban Sadiq. Digirin digirgir na kimiyya ne ake biyan ka albashi kana yi.

Sani_Samaru:
Ni fa ban ga abin da ya sa dole sai Amurka ba. Ana bincike a nan. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar maruka, a cibiyar IAR ta Samaru aka yi aikinsa, aka fitar a 2019. Cibiyar ACEGID da ke Ede ita ta fara fitar da jerin ƙwayoyin gadon cutar korona a Afirka a 2020. A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai cibiyar WACCBIP, zazzaɓin cizon sauro na cikin manyan ayyukansu, kuma marasa lafiyar da sauron duk suna nan, ba a Iowa ba. Ta yi digirin farko a gida, ta fita da sakamako mai kyau, ta nemi na gaba a waje. Da yawa sun bi ta nan.

Fati_Mikro:
Malam Sani, cibiyoyin da ka lissafa gaskiya ne, amma ɗan aji biyu nawa ne ke taka ƙafa cikinsu? Ni maikurobayoloji na karanta a gida. Furojet ɗina na ƙarshe, da kuɗina na sayi abin rainon ƙwayoyin, mu goma sha muna layin na'ura ɗaya, aka ɗauke wuta kwana biyu duk abin da na shuka ya lalace. PCR a allo na san shi, ban taɓa riƙe bututunsa ba sai bayan na gama. Ga yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Ba raina gida nake ba, malamanmu suna ƙoƙari da abin da babu. Amma in yarinya ta samu inda za ta taɓa kayan aiki tun aji ɗaya, kyauta, kar a hana ta.

Sani_Samaru:
Ban ce a hana ta ba. Na ce kar a jingina da abu ɗaya.

Maryam_RNA:
Akwai abin da ya kamata in ƙara, don ya shafi maganar Malam Lakcara ta rashin manyan kayan aiki. Abokan karatuna 'yan ƙasa suna cike wannan giɓin ne da hutun bazara: su tafi babbar jami'a su yi mako goma a ƙarƙashin REU, shirin binciken 'yan digirin farko na NSF. To wannan shirin na 'yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin. Mai bizar karatu ba ta ciki. Da yawan shirye-shiryen da gwamnati ke biya haka suke. Saboda haka ga yaranmu, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: kwalejin na da kuɗinta na kanta na binciken bazara, kuma ɗan waje na iya samu? Da ɗaki? In amsar a'a ce, duk hotunan da ke shafinsu ba nata ba ne. Aiki a wajen makaranta kuma sai da izini irin na CPT, na aikin da ya shafi karatunka, wanda ba a bayarwa sai an cika shekara ɗaya ana karatu.

MalamLakcara:
Yawwa. Kin ga kin dawo kan maganata.

Maryam_RNA:
Rabin hanya dai, ranka ya daɗe. Akwai ƙananan da ke jingine da manya. 'Yar Amherst ko Smith ko Mount Holyoke na iya ɗaukar kwas a Jami'ar Massachusetts da ke kusa. Barnard tsallaken titi ce da Columbia. 'Yan Wellesley na ɗaukar kwas a MIT. Haverford da Bryn Mawr da Swarthmore suna da irin wannan da Jami'ar Pennsylvania. Ba daidai yake da zama ɗan gida a can ba, amma ƙofa ce.

Damagaram227:
Salam. Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Mu da muka yi bakaloriya da Faransanci, irin makarantun nan suna karɓar takardarmu?

Gwanin_Lissafi:
Suna karɓa, sun san bakaloriya. Sai an fassara takardun, kuma za ka yi jarrabawar Turanci, TOEFL ko ta Duolingo wadda ta fi araha. Amma ɗan'uwa, kai da Yayan Ummi duka, ku fara duba maganar biza kafin komai. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku, bayan nan kuma an ƙara tsaurara wa ƙasashenmu. Ku karanta abin da ke shafin ofishin jakadanci a ranar da kuke nema, ba abin da wani ya faɗa bara ba. Makaranta na iya ba ka gurbi da kuɗi, ba ta iya ba ka biza.

Yayan_Ummi:
Ga Ummin nan kusa da ni, ta ce in ba ta wayar.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, na gode ƙwarai. Baba, in sha Allahu ba zan ba ku kunya ba. Anti Maryam, duk shafin da na buɗe cewa suke ɗalibansu na yin bincike, hotunan ma iri ɗaya ne. Ta yaya zan gane na gaske?

Maryam_RNA:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar shafin talla, ki shiga na sashen bayoloji. Ki duba malaman ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka rubuta musu "visiting" na wucin gadi ne, shekara ɗaya ko biyu su tafi, kar ki ƙirga su. Sauran, ki ɗauki sunan kowa ki sa a shafukan neman takardun bincike, PubMed ko Google Scholar, ki ga ko ya wallafa wani abu cikin shekara uku ko huɗu da suka wuce. A shafukansu sukan sa alamar tauraro a kan sunayen 'yan digirin farko da ke cikin marubuta. Inda kika ga taurari da yawa, ana aiki. Inda takarda ta ƙarshe ta kai shekara goma, ki wuce.

Kar ki zaɓi makaranta saboda malami ɗaya. Yana iya tafiya hutun bincike na shekara guda daidai lokacin da kike buƙatarsa, ko ɗakinsa ya cika. Ki nemi inda aƙalla mutum uku ke yin abin da zai iya tashinki da asuba.

Sai tsarin. A Wooster kowane ɗalibi sai ya yi aikin bincike nasa na shekarar ƙarshe, shi da malami ɗaya, ba zaɓi ba ne. Reed ma haka, kundi dole, kuma sai kin zauna gaban malamai kin kare shi da baki. A Grinnell akwai shirin bincike tare da malami da suke kira MAP, nema ake yi. A wasu wuraren aikin ƙarshen nazarin takardun wasu ne kawai, ba gwaji, a wasu kuma sai masu maki mafi girma. Ki roƙi sashen su turo miki sunayen kundayen da aka yi bara. Daga kanun kaɗai za ki san abin da ake yi a ginin.

In kuma daji da ruwa ne ke burge ki, ki duba filin da suke da shi. Carleton na da gandun bincike mai eka sama da ɗari takwas manne da makaranta, Bowdoin na da tashar bincike a bakin teku da wata a tsibirin Kent.

Injiniya_Sule:
Ƙari ɗaya daga wanda ya sha: a irin tsarin nan za a sa ta ɗauki tarihi, falsafa, rubutu, ba bayoloji kaɗai ba, kwasan fanninta wataƙila sulusin karatun ne ko ɗan fiye. Ni lokacin haushi yake ba ni. In ita mai son ta nutse a abu ɗaya ce tun ranar farko, ta san da wannan.

Abba_Kimiyya:
Ba duka ba Injiniya. Amherst ba ta tilasta kwasan gama-gari, Grinnell ma kwas ɗaya ne na 'yan aji ɗaya ya zama dole a wajen fanninka.

MalamLakcara:
Ni dai har yanzu ina kan bakana: ta sa manyan jami'o'i biyu ko uku a jerin, masu aikin zazzaɓin da gaske. Ummi, kar ki yi saurin shiga Early Decision, zagayen farko na neman gurbi na watan Nuwamba, sai kin tabbata, don alƙawari ne, in sun ɗauke ki kuma kuɗin ya isa, dole ki janye sauran. Neman gama-gari na Janairu, wanda ba alƙawari a cikinsa, ya fi ba ki damar ajiye takardun tallafi gefe da gefe ki gwada.

Gwanin_Lissafi:
Malam, a nan mun saɓa. Mai neman cikakken tallafi, sau da yawa zagayen farkon ne damarta, kafin kuɗin 'yan waje ya ƙare. In tana da wadda ta fi so a fili, ta shiga.

Baban_Sadiq:
To Allah ya zaɓa mata mafi alheri. Amma Yayan Ummi, fom ɗin JAMB fa? Kar ku bari ya wuce kuna jiran Turawa.

Yayan_Ummi:
Za a saya Baba, in sha Allahu, wannan ba fashi. Ta zauna tun ɗazu tana bin sunayen malamai kamar yadda Anti Maryam ta ce, har ta cire ɗaya daga jerin ta ƙara Mount Holyoke da Macalester. Malam Lakcara, in ba damuwa ka turo mana sunayen manyan da kake nufi. Malam Gwani, wajen cike CSS Profile ɗin, kuɗin fansho a wane gurbi ake sa shi, kuma gonar gado da ba a raba ba ana lissafa ta?